Tsakanin Baki Da Takarda: Sharhi A Kan Bikin Waƙar Kirsimeti Na Birnin Biyenna

Gabatarwa

A cikin watan Disamba na shekarar 1992 aka yi wani bikin waƙa a zauren majalisar birnin Biyenna ta ƙasar Ostiriya, wanda kamfanin Sony ya fitar a faifai a 1993 da sunan "Christmas in Vienna". Mawaƙa uku ne suka tsaya a gaban jama'a. Biyu daga cikinsu, wato Plácido Domingo da José Carreras, 'yan ƙasar Sifen ne, kuma gwanayen waƙar opera. Ta ukun ita ce Diana Ross, baƙar fata 'yar birnin Ditiroyit ta Amurka, wadda ta yi suna a waƙoƙin zamani na rawa da soyayya tun tana cikin ƙungiyar Supremes, kafin ta ware ta ci gashin kanta a 1970. A bayansu kuwa ga babbar tawagar makaɗan birnin, irin wadda Turawa ke kira okestira, ga kuma ayarin yara masu amshi.

Wataƙila mai karatu ya ce me ya haɗa mujallar marubuta Hausa da bikin Kirsimetin Turawa? Amsa ita ce fasaha muke nazari a nan, aƙida kuwa kowa da tasa. Daɗin daɗawa akwai Hausawa Kirista masu rera waƙoƙin wannan lokaci da harshenmu, tun daga Wusasa har Maraɗi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan biki ya fito da wata tambaya fili wadda ta shafi duk mai sarrafa harshe, ko da baki ko da alƙalami: idan mawaƙi ya haɗu da kiɗa mai yawa, wa ya kamata ya bi wani?

Yadda okestira take aiki

Okestira cikakkiya takan ƙunshi makaɗa daga 70 zuwa 100, an kasa su gida huɗu. Akwai masu goge, ƙanana da manya, su ne suka fi yawa. Akwai masu busa sarewa da danginta, akwai masu busa ƙahonin tagulla, sannan masu ganguna da tambura. Kowane makaɗi yana da takarda a gabansa wadda aka rubuta masa abin da zai kaɗa, da inda zai shiga, da inda zai yi shiru. A gabansu duka akwai madugu riƙe da 'yar sanda yana auna musu lokaci. A wannan biki Eugene Kohn ne madugun, kuma Lalo Schifrin, mutumin Ajantina wanda ya shahara da kiɗan finafinai, shi ya tsara wa makaɗa yawancin abin da suka kaɗa.

To, abin lura a nan shi ne an gama yanke hukuncin komai tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Tsawon waƙa, da wurin numfasawa, da inda murya za ta hau, duk suna rubuce. Mawaƙi ba shi da ikon ƙara layi ɗaya don ya ga wani babban mutum ya shigo zaure, domin kuwa mutum 80 ba za su iya juyawa tare da shi a lokaci guda ba. Babbar mota ce, ba ta shan kwana a lungu.

Inda Diana Ross ta ci da inda aka cinye ta

Domingo da Carreras 'yan gida ne a wannan tsari. Tun suna samari aka horar da muryoyinsu su ratsa kiɗan mutum 100 su isa ƙarshen zaure ba tare da lasifika ba. Ita kuwa Diana Ross muryarta siririya ce, mai laushi, wadda aka raina a bakin makirfo. Gwanintarta tana cikin ƙananan abubuwa: ta ja kalma kaɗan, ta jinkirta bayan kiɗa kamar mai nazarin abin da za ta faɗa, ta saki numfashi a ji shi. Irin wannan salo yana bukatar fili da sarari.

Saboda haka a wuraren da su ukun suka haɗa murya, musamman a jerin gajerun waƙoƙin da aka ɗinke wuri guda kusa da ƙarshe, mai sauraro zai ji muryarta ta zama kamar zare a tsakanin igiyoyi biyu. Ba gazawa ba ce daga gare ta. An ɗinka rigar ne da awon wasu, aka ce ta sa. Su ma mazan biyu ba su tsira ba, domin a waƙoƙin Ingilishi masu sauƙi irin na yara sai ka ji suna dannan kalmomi da ƙarfin da waƙar ba ta nema ba, kamar a ɗauko gatari don a fere gyaɗa.

Wurin da ta fi burgewa shi ne inda ta tsaya ita kaɗai ta rera "Amazing Grace". Wannan waƙa ba ma ta Kirsimeti ba ce. John Newton ne ya rubuta ta a Ingila aka buga a 1779, mutumin da ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin fataucin bayi kafin ya tuba, kuma daga baya jikokin bayin a Amurka suka mayar da ita tasu a majami'unsu. Diana Ross ta san wannan hanya tun tana yarinya, don haka ta rera ta da natsuwar mai tafiya a unguwarsu. A nan kalma ce ke gaba, kiɗa yana take mata baya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan makaɗa ba laifi ba ne idan sun san lokacin da za su sassauta.

Akwai kuma darasi a waƙar da aka rufe faifan da ita, "Stille Nacht". A ƙauyen Obandof na Ostiriya aka fara rera ta a 1818, Joseph Mohr ya rubuta baitocin, Franz Gruber ya sa musu murya, kuma da jita guda ɗaya aka raka ta a daren farko. Wato dai waƙar da aka tara wa makaɗa masu yawa a Biyenna, asalinta ba ta fi ƙarfin abin da Ɗan Maraya Jos yake yi da kuntiginsa ba. Waƙar da ta ginu da kyau takan rayu da tsirkiya ɗaya. Wadda ba ta ginu ba kuwa, ko an tara mata tambura goma sha biyu ba za ta tashi ba.

Yadda abin yake a wajenmu

Tsarin makaɗan Hausa kishiyar wancan ne. A wajen Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, baki ne madugu. Masu kalangu idonsu da kunnensu suna kansa, in ya ja su ja, in ya tsaya su tsaya. Gindin waƙa ne kawai tabbatacce, 'ya'yanta kuwa a nan take ake haifar su gwargwadon wanda ya zo da abin da ya bayar. Sanƙira ya sanar da kyauta, kafin ya rufe baki an sa mai kyautar a waƙa. Ko a makaɗan fada na ƙasar Sakkwato irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda suke zama da yaransu su tsara waƙa su haddace ta kafin a kai gaban sarki, kotso da taushi suna bin lafazi ne. 'Yan amshi su karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa, su yi masa ƙari, amma ba a taɓa barin kiɗa ya danne magana ba, saboda maganar ce aka zo saye.

Akwai dalili na harshe a ƙarƙashin wannan. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali, kuma su ne ke rarrabe ma'ana. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ya raba su. Gari na zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Ingilishi da Jamusanci ba su da nauyin karin sauti a kansu, don haka mai tsara kiɗa yana iya ɗaga kowace gaɓa ya sauke ta yadda ya ga dama. Wanda ya yi wa Hausa haka zai wayi gari ya mayar da kuka miya. Duk wanda ya saurari waƙoƙin majami'a da aka fassara daga Turanci aka bar su a kan muryarsu ta asali zai ji wannan cikas, inda ake jan gajeren wasali ana gutsure dogo. Ya kwatanta su da waƙoƙin da ƙungiyoyin Zumuntar Mata suke ƙirƙira da kansu, da tulu da kacau-kacau da ganga, zai ji yadda Hausa take zama daram idan daga cikinta aka ciro muryar.

Waɗanda suka gwada

Kada a ɗauka Hausa ba ta taɓa shiga babbar tawagar kiɗa ba. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'ishatul Fallatiya, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka tafi Sudan. Ita ce macen da ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Makaɗan Sudan sun ɗauki gogen Turawa da sauran kayan kiɗa na waje, amma suka sa su bin ma'aunin murya mai hawa biyar irin na ƙasarsu, suna amsa wa mawaƙi layi bayan layi kamar 'yan amshi. Wannan ne ya sa kiɗan Sudan bai taɓa zama baƙo a kunnen Bahaushe ba.

A gida kuma akwai Bala Miller, ɗan Zariya, wanda ya kafa tawagar kiɗa a Kaduna a 1977, shekarar bikin FESTAC, da ƙahoni da jita da ganguna, ya yi waƙoƙi da Hausa irin su "Ikon Allah". Ya rasu a 2003. A maƙwabta ma an yi. Toumani Diabaté na Mali ya kaɗa kora tare da okestirar birnin Landan a 2008, aka fitar da faifan a 2021. Angélique Kidjo ta Binin ta yi faifai da okestirar Lukzambag a 2015 har ya ci lambar Grammy. Abin da ya sa aikin Diabaté ya yi armashi shi ne an bar wa kora da makaɗan Mali filin da za su yi ta zuba yadda suka gada, okestira tana yi musu shimfiɗa.

Abin takaici a yau shi ne yawancin mawaƙanmu na zamani sun sami okestirar da ba ta cin abinci, wato fiyano da kwamfuta a situdiyo. Yatsa ɗaya yana fito da goge 40. Sau da yawa ana fara haɗa kiɗan ne, sannan a zo a cusa kalmomi a ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba, a bi muryar da na'ura a goge ta har ta daina kama da ta mutum. Matsalar Biyenna ke nan ta iso mu ta ƙofar baya, ba tare da ko ladar ganin makaɗa 80 suna aiki tare ba.

Abin da ya shafi marubuci

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin takarda ba ne. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, a Boɗinga ƙaninsa Abdullahi ya zauna, kuma rubutacciyar waƙa mai ma'auni da amsa-amo tana cikin abin da suka bar mana. A garin Shagari aka haifi Alhaji Shehu Shagari, wanda tun yana malamin makaranta ya rubuta "Waƙar Nijeriya" don yara su san ƙasarsu. Waɗannan marubuta sun ɗaure kansu da ƙa'ida mai tsanani, amma ƙa'idar a kan gaɓoɓin harshe aka gina ta, doguwa da gajera, shi ya sa almajiri ko makaho mai bara yake iya ɗaukar waƙar ya rera ba tare da ya karya kalma ba. Ashe ke nan rubutu da tsari ba su ne abokan gabar waƙa ba. Abin dubawa shi ne daga ina aka ɗauko awon.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da abu uku. Na farko, wanda zai ba mawaƙi baitoci ya karanta su da ƙarfi tukuna, ya ji inda murya take hawa da kanta, ya hana a sa musu kiɗan da zai saɓa wa wannan. Na biyu, a rubutun zube ma akwai okestira: manyan kalmomin aro, da jerin karin magana biyar a sakin layi ɗaya, da kirarin da ba a nema ba. Duk waɗannan makaɗa ne, kuma idan suka taso gaba ɗaya sai muryar labari ta ɓace kamar yadda ta Diana Ross ta ɓace tsakanin maza biyu. Na uku, lokaci ya yi da masu ilimin kiɗa a jami'o'inmu za su zauna da masu nazarin waƙar baka su rubuta kiɗan kotso da taushi da kalangu a takarda, ta yadda ranar da wani mawaƙin Hausa zai tsaya gaban okestira, zai je da awonsa a hannu.

Kammalawa

Faifan "Christmas in Vienna" ya karɓu, har aka mayar da bikin na shekara-shekara, inda Dionne Warwick ta biyo baya a 1993. A ra'ayina aiki ne mai kyan sauraro wanda ya fi ƙarfi a wuraren da ya fi sauƙi. Ya cancanci marubuci ya saurare shi sau biyu, na farko don jin daɗi, na biyu da fensir a hannu yana lura da inda kalma take fitowa da inda take nutsewa. Bayan nan sai ya sa kaset ɗin Narambaɗa ya yi irin wannan lura. Abin da ya gano a tsakanin biyun, muna fatan ya rubuto wa wannan mujalla domin mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu dace, amin.