Rawar Malam: Kariya ga Wasan Tashe

Duk shekara, da azumi ya kai kwana goma, sai an sami mai cewa tashe bara ce aka sa mata ganga, ko kuma mafakar 'yan daba. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi saboda rikicin da ake tayarwa da sunansa a wasu unguwannin birni. An ga ɓarna, babu musu. Amma laifin wani lungu na birni bai kamata ya hau kan yaran Kura da Bunkure da Garun Malam ba, waɗanda makaminsu bai wuce gwangwani da gemun auduga ba. Zancen bara kuwa bai kai a tsaya a kansa ba: ɗan tashe sai ya yi wasa ya ba gida dariya kafin uwargida ta ɗebo masa hatsi, abin da aka ba shi tukuici ne.

Tarihin sananne ne. Daga tashin mutane sahur abin ya faro, gwauraye suka riƙe shi har Kano ta yi masa sarautar Nalako, daga baya yara maza da mata suka ɗauke shi suka cika shi da kwaikwayo. M. B. Umar ya tattara wasannin da yawa a littafinsa Wasannin Tashe. Ba mu kaɗai muke haɗa ibada da wasa ba: yaran Ƙatar da Kuwait suna bin gidaje a tsakiyar azumi, a tsibirin Skyros na ƙasar Girka kuma mutane kan sa fatar akuya da ƙararrawa su yi waƙoƙin zambo gab da azumin Kirista.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dabarar da aka gina wasan malam mai rawa a kanta. Yaro ya sha rawani, ya zura rigar da ta fi ƙarfinsa, ga allo ga carbi, yana tafiya cikin natsuwa. 'Yan amshi su tuhume shi da cewa ya yi rawa. Ya musa. Su maimaita tuhumar, kalma ɗaya ba su ƙara ba. Ya sake musawa, sai dai yanzu kafaɗarsa ta soma bin kiɗa. Can kuma, don ya nuna musu ɗan motsin da ya yi wanda suka ɗauka rawa ce, sai ya cashe gaba ɗaya, rawani na warwarewa, baki na ci gaba da rantsuwa.

A lura, 'yan amshi ba su zage shi ba, ba su yi masa wa'azi ba, ba su kira shaida ba. Naci kawai suka yi, kiɗa ya ƙarasa aikin, ƙafar malam ta ba da shaida a kan bakinsa. Mai kallo shi ne alƙali, dariyarsa ita ce hukunci. Marubutan wasan kwaikwayo da dama kan kwashe shafuka suna sa wani dattijo ya bayyana mana darasi, yaran tashe kuwa sun gama nasu cikin 'yan mintoci a bakin zaure. Masu cewa wasan raini ne ga malamai sun manta cewa yaran makarantar allo ne ke yinsa, wanda ake nufi kuma shi ne duk mai hana abin da shi yake aikatawa. Haka ginin Jatau mai magani yake: a bar shi ya yi ta lissafa magungunansa, ana amsa masa, har cika bakinsa ya tona shi.

Ni a ganina amfanin tashe ke nan. A al'ummar da yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, an ware darare kaɗan a watan da zukata suka fi laushi, aka ba ƙarami izinin nuna wa babba halinsa, babba kuma ya biya. Shi ya sa mayar da tashe dandalin makaranta da rana tsaka bai gamsar da ni ba, domin wanda aka yi wasan dominsa yana gida, a ƙofarsa ya kamata a yi.

Yankin noman rani na Kadawa ya fi ko'ina bukatar sabon tashe. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya biyo kanal, rayuwa ta sauya, shinkafa da alkama da tumatir suka kawo mutanen da tsoffin wasanni ba su san su ba. Ga dillalin kasuwar Kwanar Gafan da ke jan ciniki har tumatir ya yi laushi a kwando sannan ya karya farashi. Ga manomin da gonarsa ke bakin ruwa, ya toshe wa na ƙasa da shi hanyar ruwa cikin dare, da safe ya yi ta rantsuwa bai leƙa gona ba. Wannan na biyun an riga an ɗinka masa riga: a ba yaro fartanya da tocila, a shafa wa wandonsa taɓo har gwiwa, 'yan amshi su tuhuma, shi ya musa.