Daga Banjo Zuwa Ogan: Sharhi A Kan Sauyin Kiɗan Ƙungiyar Strawbs

Abin da wannan ɗan sharhi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a kan dandamali ƙungiyar Strawbs ta Ingila ta fara sauya salo. Dave Cousins da abokansa suka kafa ta a 1964, da banjo da jita marar lantarki, tana zagaya ƙananan gidajen waƙar gargajiya, inda mai sauraro ke tsintar kowace kalma.

A 1970 Rick Wakeman ya shigo da fiyano da ogan. Shaidarmu ita ce faifan Just a Collection of Antiques and Curios, wanda aka ɗauka a bainar jama'a a zauren Queen Elizabeth na Landan cikin Yulin wannan shekara. A nan kiɗa ya daina zama ɗan rakiyar waƙa. Yakan yi tafiyarsa shi kaɗai, mawaƙi na tsaye shiru. Wannan kuwa ita ce alamar rok mai dogon zango, wato wanda ke aron tsarin kiɗan Turai na ƙa'ida.

Sauyin bai zo kyauta ba. Wakeman ya koma ƙungiyar Yes a 1971, amma tafarkin ya ɗore, har Tony Hooper, abokin tafiyar Cousins tun farko, ya fice bayan faifan Grave New World na 1972.

A ganinmu, abin da ya ceci Strawbs shi ne Cousins bai saki labari ba. Ko a faifan Hero and Heroine na 1974, inda amo ya cika, in kiɗa ya lafa, muryarsa ce ke riƙe da zaren. Inda ta nutse kuwa, sai ƙwarewar yatsu ta rage, ma'ana ta tafi.