Daɓen katako a banɗaki: aikin da aka aro daga jirgin ruwa

Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta taɓa ƙin rufuwa da damina, sannan ta saki da hunturu, ya san halin katako. Yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Shi ya sa in aka ce za a shimfiɗa shi a banɗaki, yawancin mutane sai su girgiza kai.

Kafintocin Faransa sun daɗe da sanin ɓarnar ruwa. A fadar Bersay ta Sarki Luwis na 14, wajen 1684, an koma daɓen katako mai zane ne saboda yawan wanke daɓen marmara yana ruɓar da azarorin da ke ƙarƙashinsa. Jikokinsu a sana'a kuma su ne yau suke kai katakon har inda ake wanka, da dabarar da suka aro wajen maƙeran jiragen ruwa. Can a da, ana cusa zaren igiya tsakanin allunan benen jirgi a zuba kwalta a kai. Yanzu wani baƙin gam mai laushi kamar roba ya maye gurbinsu.

Gwanin wannan aiki yana farawa da zaɓen itace. Tik na ƙasar Bama shi ne sarki, don yana da maiƙo a jikinsa. Bayansa akwai loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da dangin kawo da ake fitarwa daga dazukan Kamaru, itacen da bai cika motsi ba. Zai ajiye allunan a cikin gidan su yi kwanaki su saba da iskarsa, ya tabbata simintin ƙasa ya bushe ƙayau, ya shafe shi da abin hana ruwa ratsawa. Sannan ya manne kowane allo gaba ɗaya da gam, don kada a bar ko ɗan kogon da ruwa zai kwanta.

Inda ake gane hannu shi ne wajen cike tsagar. Tsakanin allo da allo akwai rami na 'yan milimita, ba zai kai faɗin ƙaramin yatsa ba. Zai share shi tas, ya goge maiƙon itacen daga bakinsa, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Sai ya matsa gam ɗin a hankali ba tare da ya bar kumfar iska ba, ya jira ya bushe, ya bi da sanfefa har sai baƙin layin ya yi daidai da fuskar katakon. In allo ya kumbura gam ya matse, in ya tsuke gam ya miƙe, ruwa bai sami hanya ba. Inda katako ya haɗu da bango ma haka ake yi.

Fentin sheƙi kuwa gwanaye da yawa ba sa sonsa a nan, kuma ina ganin suna da gaskiya: da zarar ya tsage, ruwa ya shige ƙarƙashinsa, wurin ya yi baƙi. Mai suke shafawa, ya ratsa cikin itacen, a riƙa sabunta shi sau ɗaya ko biyu a shekara. Daidai inda ruwan shawa ke zuba dai, mai gaskiya a cikinsu zai ce maka a sa tayil, a kuma bar taga a buɗe bayan wanka.