"Ina Tsarabata?": Sharhi a Kan Yadda Muke Karɓar Waɗanda Suka Dawo Gida

Wurin karatu: Rut 1:19-22

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Disamba, tashoshin mota na Jos da Kaduna da Abuja sukan cika maƙil da masu haramar gida. Wani ya nufi Kagoro, wani Biliri, wani Garkida ko Numan ko Zuru, gama a wurinmu Kirsimetin da ba a yi shi cikin dangi ba miya ce babu gishiri. Cikin matafiyan nan akwai waɗanda hanyarsu ta fi ta kowa tsawo: miji da mata da suka yi shekara takwas ko goma a Ingila ko Amurka wajen karatu ko aikin jinya, ko kuwa waɗanda ikilisiya ta aika da bishara Nijar ko Chadi, yanzu sun tattara nasu ya nasu sun dawo ke nan. A kansu nake so mu yi tunani. Sukar da zan yi ta fi shafar mu da muka zauna a gida, ko da yake su ma suna da rabonsu a ciki.

Ka san yadda muke yi. Ranar Lahadi ta fari akan ja su zuwa kujerar gaba, zumuntar mata su tayar da waƙa, a rako su da rawa har gaban bagade. Sai a miƙa wa maigida abin magana ya ba da shaida. Shaidar kuwa tsarinta ɗaya ne, ko wa ya ba da ita: mun tafi lafiya, Ubangiji ya buɗe mana ƙofofi, ga mu mun dawo lafiya. Jama'a su ce amin, idanu kuwa suna kan ambulan ɗin da ke hannun uwargida. Kafin a tashi sujada an riga an naɗa maigida babban baƙo a taron neman gudummawar rufin majami'a, ƙungiyar ci gaban gari ma tana jiransa washegarin Kirsimeti. A gida kuma, wanda ya ce "sannu da zuwa" bai rufe baki ba sai ya ɗora da "ina tsarabata?"

Godiya ga Allah wajibi ce, ba kuwa ita nake suka ba. Abin da ke damuna shi ne mun ƙera wa masu dawowa shaida mai ƙofa ɗaya tak, ƙofar nasara. Wanda ya dawo da bashi a wuyansa, ko da takardar izinin zama da aka ƙi sabuntawa, ko da aure mai tangal-tangal, ba shi da inda zai tsaya ya faɗi gaskiya. Sai ya yi murmushi ya maimaita abin da muke son ji. Ta haka ikilisiyar da aka kafa a kan gaskiya take koya wa 'ya'yanta ɓoye ciwo a gaban bagade. Kujerar gaban nan ma, wasiƙar Yakubu sura ta biyu ta riga ta ja mana kunne a kanta, inda ta tsawata wa masu ba mai kyawawan tufafi wuri mai daraja suna barin matalauci a tsaye. Ka lura kuma da bambancin da muke yi: wanda ya dawo daga Landan akan tarye shi da ganga, mai bisharar da ya dawo daga ƙauyen Chadi da akwati ɗaya kuwa, sanarwa ta layi biyu ta ishe shi.

Yanzu ka duba yadda Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin dawowa gida. Yunwa ce ta fitar da Na'omi da mijinta Elimelek da 'ya'yansu biyu daga Baitalami zuwa Mowab. Bayan kimanin shekara goma ta komo, miji da 'ya'ya duk suna kabari a baƙuwar ƙasa. Garin ya ɗauka gaba ɗaya, mata suna tambayar juna ko ita ce kuwa. Na'omi ba ta ba da irin shaidarmu ba. Ta roƙe su su daina kiranta da sunanta mai ma'anar daɗi, su kira ta Mara, wato ɗaci, ta kuma faɗa a fili cewa hannun Ubangiji ya yi mata nauyi. Marubucin bai share kalmominta ba, bai kuma tsawata mata ba.

A nan ne nake da ja da wa'azin da akan yi a kan wannan sura. Sau da yawa mukan ji an ce mutuwar mazan gidan hukunci ne domin sun bar ƙasar alkawari, sai a rufe da karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma ka karanta surorin huɗu a natse, ba za ka sami inda marubucin ya ce tafiyar zunubi ce ba. Yunwa ta kai Yakubu Masar, Allah da kansa ya ce masa kada ya ji tsoron tafiya. Idan muka cusa wa nassi hukuncin da bai yanke ba, muna ɗora wa wanda ya dawo da rauni kaya biyu: ga asara, ga zargi. Littafin Rut wani abu dabam yake koyarwa. Na'omi ta ce ta dawo ba ta da kome, alhali Rut tana tsaye kusa da ita. Mai baƙin ciki ba ya iya ƙirga abin da ya rage masa. Baitalami kuwa ba ta nemi tsaraba a hannunta ba. Garin ne ya ciyar da ita, ta wurin dokar kala da ke cikin Littafin Firistoci sura 19, wadda ta hana manomi share gonarsa ƙarƙaf domin matalauci da baƙo su samu. Aka bar Rut ta yi ta kala tun daga girbin sha'ir har ƙarshen girbin alkama. Sai a sura ta huɗu matan nan da suka yi mamaki da fari suka yi wa Na'omi barka, suka ce surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Warkewarta ta ɗauki watanni, garin kuma ya jira ta.

Mu kuwa ba mu iya jira ba, domin muna zaton wanda ya dawo shi ne wanda ya tafi, shi ma yana zaton gidan da ya bari yana nan yadda yake. Dukanmu mun yi kuskure. Wanda ya bar Najeriya a 2015 ya bar dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. An sake launin manyan takardun kuɗi a ƙarshen 2022, har taken ƙasa ma an canza a 2024. Saboda haka kawun da ya miƙo hannu ba lalle kwaɗayi ne ya sa shi ba, wataƙila kuɗin makarantar yara ne ya gagara. Amma shi kawun yana lissafin fam da naira, ba ya lissafin kuɗin haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki, bai kuma ga dararen da uwargida ta kwana a tsaye tana kula da tsofaffin wasu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ba ya lissafuwa da kuɗi. A Landan, cikin makon Kirsimeti, rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ranar 25 ga Disamba kuwa jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa aiki. Kowa ya rufe ƙofarsa da iyalinsa, ba a zuwa gidan mutum sai da gayyata. Shekara da shekaru ma'auratan nan suna bikin su huɗu da yaransu, suna kewar kiɗan zumuntar mata, da ƙanshin cincin, da yara masu yawon barka da Kirsimeti, da kwanon shinkafar da akan aika wa maƙwabta Musulmi. Ga shi yau sun samu duka, mutum arba'in a tsakar gida, sai kuma suka ji ransu yana neman shirun nan da suka saba, kunya ta hana su faɗa. Ƙari a kan haka, akwai ɗakin da aka rufe. Baba ya rasu suna can, a waya suka kalli jana'izarsa. Mu mun yi makokinmu mun gama shekara uku da suka wuce, su kuwa yau ne suka fara ganin kujerarsa babu kowa. Sa'ad da Yahudawa suka komo daga Babila suka aza harsashin Haikali, Ezra sura ta uku ta ce tsofaffin da suka san ginin farko sun fashe da kuka yayin da wasu suke sowa, har ba a iya rarrabe muryoyin ba. Ba a kori masu kukan daga sujada ba. Ko a majami'arka akwai wurin irin wannan kuka ranar Kirsimeti?

Inda abin ya fi haɗari shi ne tsakanin miji da mata. A can ba su da kowa sai juna. Idan tana aikin dare, shi ne mai dafa abinci da yi wa yara wanka, shawara kuma su biyu suke yankewa. Da isowa gida sai ya koma ɗan Mama, yana zaune da maza a gindin mangwaro, ita kuwa tun asuba tana bakin murhu. Idan ya leƙa ya kama mata aiki, sai a ce an shanye shi. Idan yara ba su rusuna sun gai da Gwaggo ba, ko harshen gida ya gagare su, laifin uwar ne. Ga kuma tambayar da kan raba kawuna: gidan iyayen wa za a yi Kirsimeti, na wa za a yi sabuwar shekara? Auren da ya jure sanyin Turai yana iya tsagewa a mako biyu na hutu, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare yake samun wurin shiga. Ya kai suruki, ya ke suruka, dokar da ta ce a girmama uba da uwa tana nan daram, amma Farawa sura ta biyu ma tana nan, wadda ta mai da miji da mata jiki guda. Ɗanku da ya ɗauki tukunya don ya sauƙaƙa wa matarsa bai zubar da girman gidanku ba.

Yanzu gare ku da kuka dawo. Kada kowace magana taku ta fara da "a can". Wanda ya zauna cikin ƙura da rashin wuta shekarun nan duka ba ya bukatar ku bayyana masa su. Shi ne ya yi jinyar Baba, shi ne ya gyara katangar da ta faɗi. Ku fara da yi masa godiya. Kada kuma ku mai da tsaraba fansar laifin rashinku. Yakubu, bayan shekara ashirin a gidan Laban, ya tura wa Isuwa dabbobi fiye da ɗari biyar, garke bayan garke, don tsoro. Isuwa kuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka tare, sa'an nan ya ce yana da abin da ya ishe shi. Sai da aka matsa masa ya karɓa. Runguma ce ta riga kyauta. Ku ba da gwargwadon abin da kuke da shi, ku faɗi gaskiya a kan abin da ba ku da shi, kada ku ci bashi domin a ce da ku madalla. Ku zauna ku biyu tun kafin tafiya ku daidaita: nawa za mu bayar, kwana nawa a kowane gida, me za mu ce idan an taɓa ɗayanmu. Ku koya wa yara gaisuwa ko da da gurguwar Hausa ce. Zumunci a ƙafa yake. Zuwanku ɗakin tsohuwar da ba ta iya fitowa ya fi turmin atamfar da kuka aika mata.

Labarin Kirsimeti kansa da dawowa daga baƙuwar ƙasa ya ƙare. Matiyu sura ta biyu ta nuna mana Yusufu da Maryamu suna komowa daga Masar bayan mutuwar Hirudus. Suka tarar Arkilayus ɗansa yana mulkin Yahudiya, sai suka karkata zuwa Galili, suka zauna a Nazarat. Gidan da suka nufa bai karɓu ba, Allah ya ba su wani, a can kuwa Mai Cetonmu ya yi girma. Saboda haka idan ma'aurata suka ce za su zauna a Jos ko Abuja su riƙa zuwa ƙauye lokaci lokaci, ko suka ce bana kwana uku kawai za su iya yi, kada mu yi saurin cewa sun yar da gida.

Me ya kamata ikilisiya ta yi? Ayyukan Manzanni sura 14 ta ce da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, sun tara 'yan'uwa sun ba da labarin abin da Allah ya yi, suka kuma daɗe tare da su. Tafiyar nan har jifa da duwatsu an yi wa Bulus a Listira. Bari dattawa su ziyarci masu dawowa ba tare da takardar neman gudummawa a aljihu ba. A ba su shekara guda kafin a ɗora musu wani muƙami ko babban kaya. Zumuntar mata su ja uwargida a jiki su saurare ta. A raka su kabarin iyayensu a yi addu'a tare. Kai kuma mai karatu, idan ɗan'uwanka ya sauka a bana, ka riƙe tambayar tsaraba, ka kawo masa ruwa, ka tambaye shi yadda ya sha hanya, sa'an nan ka yi shiru har ya gama amsawa.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka ɗanɗana baƙunci a Masar tun kana jariri, ka dubi 'yan'uwanmu da suka dawo gida suka tarar ya zama musu baƙo. Ka tsare aurensu, ka ta'azantar da su a kan waɗanda ba su tarar ba. Ka ba mu da muke gida haƙurin mutanen Baitalami, mu karɓe su ko hannunsu cike ko wofi. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.