Cabascabo: Wa Ya Saurari Wanda Ya Dawo?

Bahaushe ya ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Duk wanda ya sake kallon Cabascabo, fim ɗin farko na marigayi Umaru Ganda, wanda aka nuna a bikin silima na Kan ta ƙasar Faransa a 1969, zai ga gaskiyar wannan magana a fili.

An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indosin. Da ya dawo bai samu abin yi ba, sai ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can Jan Rush ya same shi, ya sa shi cikin Moi, un Noir na 1958. A ƙarshen wancan fim, saurayin yana tafe a bakin ruwa yana kwaikwayon harbi da faɗuwa, yana amayar da abin da yaƙi ya bar masa a zuci. Shekaru goma bayan haka ya ɗauki na'ura da hannunsa domin ya faɗi labarin da bakinsa.

Zaren labarin ba shi da sarƙaƙiya. Tsohon soja, wanda Ganda da kansa ya fito a matsayinsa, ya dawo gida da kuɗi a aljihu. Ƴan'uwa da abokai suka yi masa caa, ana kirari, ana ci ana sha. Kuɗi na ƙarewa, kowa ya watse, gwarzon jiya ya koma neman leburanci. Gwanintar Ganda tana cikin yadda yake tsinka labarin da hotunan fagen fama: jikin mutumin yana gida, hankalinsa yana Indosin. Mutane suna jin labarinsa kamar tatsuniya, amma babu wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Kunnensu yana wajen aljihunsa.

Sai dai muna da ja a kan yadda fim ɗin ya ƙare. Cabascabo ya juya wa birni baya, ya nufi karkara domin aikin ƙasa, kamar dai gona ita ce maganin komai. Noma yana maido da mutunci, yana cika rumbu, amma hauya ba ta tone abin da ke binne cikin zuciya. Shi kansa Ganda ba gona ya koma ba. Magana ya yi, har sau biyu, a gaban duniya. Rayuwar mai fim ta fi fim ɗin faɗin gaskiya.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane haka. A asibitin Fan da ke Dakar, inda likita Anri Kolom ya fara aiki a 1959, a zamaninsa akan tara majinyata da danginsu da ma'aikata a zauna kamar dandalin gari, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Jinya ta hanyar zance ba baƙuwar al'ada ba ce a wurinmu. Abin da take buƙata shi ne mai saurare wanda ya san aikinsa, ba ya gori, ba ya gaggawar wa'azi, kuma yana riƙe sirri.

A yau Cabascabo yana da ƙanne da yawa. Ga waɗanda suka dawo daga Libiya hannu wofi, ga waɗanda aka zubar a iyakar Aljeriya suka taka zuwa Asamaka, ga ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya daina fita, ga yarinyar da aure ya mutu mata tun ba ta kai ashirin ba. Muna ce musu haƙuri, mu wuce. Wasu su kwana a fada ana shayi ba tare da sun furta komai ba, wasu su nemi sauƙi a tiramol.

Saboda haka muna kira ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, daga Cibiyar Umaru Ganda ta Yamai har gidajen matasa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, su nuna wannan fim, kuma kada a tashi da zarar an kunna fitila. A bar samari da ƴan mata su yi magana. Wanda aka ga nauyin ya fi ƙarfinsa, ba ya barci ko yana zancen rabuwa da duniya, a raka shi wurin likita ba tare da jin kunya ba. Ganda ya rasu a 1981, amma tambayar da ya bari tana nan tana jiran amsarmu.