Sikelin da Babu Makiyayi a Kansa: Sharhi a kan Shari'ar Fosen da Dokar Ƙasa ta 1978

Manufar wannan sharhi ita ce duba kalmar "daidaitawa", wadda masu nazarin shari'a suke yawan amfani da ita idan suna maganar samar da wutar lantarki daga iska ko rana a ƙasar makiyaya. Ra'ayinmu shi ne, ba a daidaita abu biyu sai kowanne yana da nauyi a idon doka.

A ranar 11 ga Oktoba, 2021, Kotun Ƙoli ta ƙasar Norwe ta yanke hukunci cewa izinin kafa injinan iska 151 a yankin Fosen ba shi da inganci, domin ya tauye haƙƙin al'ummar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Hujjarta ita ce sashe na 27 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 game da haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wanda ya hana a raba tsiraru da al'adunsu. Ƙaramar kotu ta riga ta ba da diyyar kuɗin ciyar da dabbobin a killace lokacin hunturu. Kotun Ƙoli kuwa ta ga cewa ciyarwa a killace ta sha bamban da kiwon gado. Watau kuɗin harawa ba ya maye gurbin al'ada. Duk da haka injinan ba su daina juyawa ba, sai da aka yi zanga-zanga a Oslo a 2023, sa'an nan aka yi sulhu a 2023 da 2024.

To, in aka kawo wannan ma'auni Boɗinga da Shagari, inda manomi da makiyayi suke cin arzikin fadama ɗaya, me zai faru ranar da aka nemi fili mai faɗi don shimfiɗa faifan hasken rana? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a a sashe na 28, sashe na 29 kuma ya rataya diyya ga abin da mutum ya gina ko ya shuka. Burtali da mashaya ba gini ba ne, ba kuma shuka ba. Ashe ke nan makiyayi bai ma hau sikelin ba, balle a auna shi. Ko manoman Bakolori, waɗanda dokar ta san da gonakinsu, da harsashi aka amsa kukansu na diyya a 1980.

Har wa yau, Nijeriya ta shiga waccan yarjejeniya a 1993, amma sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta aiki sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Saboda haka wanda ya tsaya ga kwaso hukuncin Fosen kawai, ya ɗauko gatari ne babu ƙota.

Ƙotar tana nan gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Boɗinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hukuncin mallakar ƙasa. A fiƙihun Malikiyya da ya bi, hurumin gari ya haɗa da wurin kiwo da wurin itace, kuma babu mai ikon keɓe wa kansa su. Wannan haƙƙi ne na amfani, wanda ba ya bukatar gini ko shuka.

A taƙaice, aikin da ke gaban masana shari'a da masana harshe shi ne tattara ma'anonin burtali da hurumi da mashaya da mashekari daga bakin masu su, tare da iyakokinsu a ƙasa. Abin da doka ba ta san sunansa ba, kotu ba za ta iya kare shi ba.