Anar na Mdou Moctar: Jitar Abzin a Kan Kiɗan Sakkwato

Wanda ya fara sanin Mdou Moctar ta faifansa Afrique Victime, wanda kamfanin Matador ya fitar a 2021, zai yi mamaki in aka kunna masa Anar. A wancan faifai jitar lantarki ce ke ruri, har masu sharhi a Turai da Amurka suna kawo sunan Jimi Hendrix da Eddie Van Halen in ana zancensa. A Anar kuwa saurayi ne daga jihar Tawa ta Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ya tsallako iyaka ya shiga sutudiyo a Sakkwato a 2008. Aka shimfiɗa masa kiɗan inji irin na finafinan Hausa, aka lanƙwasa masa murya da na'ura yadda ake yi wa mawaƙan nanaye na lokacin. Waƙar da Tamashek ce, harshen Abzinawa, amma kiɗan da ke ƙarƙashinta kunnen Bahaushe ya san shi sarai.

Ba kamfani ne ya fara yaɗa faifan ba. Daga waya zuwa waya ya yi tafiyarsa, ta Bluetooth da katin memori. Mutumin Maigatari ba sai an yi masa dogon bayani ba: ranar Alhamis in kasuwar dabbobi ta cika, masu raƙuma da shanu daga ɓangaren Damagaram sukan bar wayoyinsu a rumfar mai caji, su dawo su tarar an zuba musu waƙoƙi. Ta irin wannan hanya waƙar "Tahoultine" ta kai kunnen Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa Sahel Sounds. Ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, ya bi diddigi har ya gano mai ita, sannan a 2014 ya fitar da Anar ga duniya.

Abin da ya sa na ɗauko tsohon faifai yanzu shi ne matsalar masu koyon jita a garuruwanmu. Yaro a Gumel ko Gagarawa zai iya samun jita, ko ta aro ce, amma ina zai samu mai ganga da mai riƙe masa amo da za su zauna da shi kullum? A Amurka sun daɗe da magance wannan. Tun 1950 kamfanin Music Minus One ya fara sayar da faifan da aka cire kayan kiɗa ɗaya, don mai koyo ya cike gurbin da hannunsa, Jamey Aebersold kuma ya fara nasa jerin a 1967 don masu jaz. Yau YouTube cike yake da irin wannan kiɗan rakiya na buluz da rok. Suna da amfani, ba musu. Sai dai buluz ɗin Amurka yana zagaye ne a kan gaɓa 12, yana sauya mazauni sau da yawa kafin ya dawo gida, kuma wanda ya tashi da garaya da goge sai ya yi ta ƙirge maimakon ya saki hannu.

A nan Anar ya yi zarra, ko da yake ba don koyarwa aka yi shi ba. Gangar inji ba ta gajiya, ba ta sauri, ba ta jan ƙafa. Waƙoƙin ba sa nisa da amo ɗaya, karin kuma yawanci a kan sauti 5 yake tafiya, tsanin da mai buluz ke hawa, wanda kuma ba baƙo ba ne a kiɗanmu na gargajiya. Mai koyo ya kunna "Tahoultine", ya laluba tsirkiya har ya samu amon da waƙar ke komawa kansa. Ya bar babban yatsa yana bugun tsirkiya mai kauri, manuni yana tsintar na ƙasa. Duk inda murya ta numfasa, ya jefa 'yar gajeriyar amsa, kamar ɗan amshi bayan ubangidansa. In ya yi kuskure kiɗan bai tsaya masa ba, zai zagayo ya same shi.

Shi kansa Mdou darasi ne a faifan. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, don gidansu ba a maraba da kiɗa. A Anar ba ya nuna bajinta. Gajerun jimloli yake yi, ya maimaita, ya ɗan karkata su, ya bar fili. Wanda ya saurari Ilana na 2019 bayan wannan zai ji cewa duk gudun da yatsunsa suka koma yi, daga waɗannan 'yan jimlolin ya taso.

Faifan yana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Na'urar gyaran murya ta yi yawa, a wasu wuraren ta danne jitar da ya kamata a ji, ta kuma sa waƙoƙin suna kama da juna in an saurare su a jere. Gangar da na yaba ita ma ba ta amsa wa mai jita: in ya ɗaga ba ta ɗaga, in ya sassauta ba ta sani ba. Wannan ne Souleymane Ibrahim, mai gangar ƙungiyar Mdou, yake ba shi wanda inji bai iya ba. Don haka wanda ya tsaya a kan kiɗan rakiya kaɗai zai iya riƙe lokaci, amma sauraron abokin kiɗa sai ya zauna da mutane.

Duk da haka ban ga faifan da ya fi shi dacewa da mai koyo a wannan yanki namu ba, kuma ko ba ka taɓa riƙe jita ba yana da daɗin ji. Ga masu sutudiyo a Kano da Dutse da Damagaram kuma, kira ne: kiɗan fiyano da kuke haɗa wa mawaƙa kullum, ku fitar da wasu babu murya, masu tsawo, a kan amo ɗaya, ku ba masu tura waƙoƙi a kasuwa. Akwai yaran da ke jira da jita a hannu.